Sha-Kuruminka da Ɗakin Ƙarƙashin Bene

Tun da mijin yayata ya shigo danginmu, kunnena bai taɓa jin ya ce "ban iya ba". Famfo ya tsiyaya, sai ya ce, "Sha kuruminka." Fanka ta tsaya, "Sha kuruminka." Ranar da ya sa wa famfon hannu wuni muka yi muna kwashe ruwa daga falo da bokitai, shi kuma yana tsaye a kan kujera yana bayanin cewa laifin masu ƙera famfo ne. Shi ya sa kowa a gidan benenmu yake kiransa Sha-Kuruminka, shi kuwa ya ɗauka kirari ake yi masa.

Amma in za a faɗi gaskiya, akwai abu ɗaya da ya iya, wato zane. A maɗaba'a yake aiki, yana zana allunan shaguna da katunan gayyata. In ya zana mutum, ko ƙeyarsa ka gani za ka gane ko wane ne. Wannan baiwar ce ta ja masa.

A bara wani abokin aikinsa ya nuna masa irin wasannin kwamfutar nan da babu gudu babu harbi a ciki. Labari ne kawai: ga birni, ga aljanu da fatalwowi sun saje da mutane, wani yana tuƙa tasi, wata tana sayar da magani. Kai kuma kana riƙe da linzamin kwamfuta, ka kai 'yar kibiya kan abu ka danna. Ko a duba maka shi a gaya maka mene ne, ko a ɗauka a sa maka a jaka, ko ka yi magana da mutum ka zaɓi abin da za ka ce masa. In ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai ka laluba cikin tarkacen da ka tsinta ka nemo abin da zai buɗe ta. Mijin Yaya ya buga guda ɗaya, ya maƙale a bakin wata ƙofa har gemunsa ya toho. Daga nan ya rufe kwamfuta ya sanar da mu cewa masu yin wasannin nan ba su san aiki ba, shi zai yi nasa.

Matsalarsa guda ce: Mama.

Gidan benen na Mama ne, shi Baba ya bar mata. Tana zaune a ƙasa, ƙofarta tana kallon ta Yaya, 'yan haya kuma suna sama da shagunan gaba. Soket ɗin ɗakinta ya taɓa yin tartsatsi, surukin nata ya ce ta sha kuruminta, ya gyara. Tun daga ranar soket ɗin bai sake kawo wuta ba. Saboda haka duk lokacin da Mama za ta yi cajin waya ko ta dafa ruwan shayi, falon Yaya take nufa. Ta yi sallama, ta dubi kwamfutar da ke kunne, ta ce, "Wannan abin ba ya cin wuta?" sannan ta zare filogin ta sa nata. Ba sau ɗaya ba aikin yini guda ya bi iska a haka, shi kuwa sai dai ya haɗiye ya ce, "To, Mama."

A ƙarƙashin matakalar bene akwai wani ɗan ɗaki cike da karyayyun kujeru. Yana da ƙofa mai mukulli, yana da soket mai lafiya, domin bai taɓa gyara shi ba. Wannan ɗakin ne ya tsaya masa a rai. Bai iya tunkarar Mama da kansa ba, sai ya tura Yaya.

Mama ta ce, "Ɗaki? Na wasa? Babba da shi?"

Yana laɓe a bayan labule, sai ya kasa haƙuri. "Mama, ba wasa ba ne, aiki ne. Duniya za ta ji sunan gidan nan."

"To a nuna min aikin. Asabar ɗin ƙarshen wata, a tsakar gida, a gaban 'yan haya. In aiki ne, mukulli naka ne. In shirme ne, Tela na shagon gaba ya daɗe yana roƙona wajen ajiye yadduka."

Ya buɗe baki zai ce mata ta sha kuruminta, Yaya ta taka masa ƙafa.

Daga ranar gidan bai sake samun sakat ba. Ya ɗauki hoton ƙofar gida, ya ɗauki na matakala, ya ɗauki na igiyoyin shanya. Ya bi mutane da waya yana naɗar muryoyinsu, yana ce wa kowa, "Muryarka za ta zaga duniya." Tela ya gyara wuyan riga kafin ya yi magana, kamar murya tana da hoto. Mai Aski kuwa da aka ce ya faɗi kalma biyu, bai tsaya ba sai da wayar ta cika.

Wata safiya Nas, ma'aikaciyar asibitin da ke zaune a hawa na biyu, ta hau rufin bene za ta yi shanya, sai ta ji nishi yana fitowa daga tankin ruwa. Ta watsar da bokiti ta sauko da gudu tana ihu. Mai Aski ya hau da sandar goge-goge, Tela yana bayansa da almakashi, yana bayansa sosai. Suka tarar da ƙafafu biyu suna wutsil-wutsil a bakin tankin. Ashe Sha-Kuruminka ne ya zura kai yana naɗar kukan aljani, kafaɗunsa suka maƙale. Da aka zaro shi, abin da ya fara tambaya shi ne ko ihun Nas ya shiga wayar.

Ni kuwa, da na dawo daga kantin maganin da nake aiki, na leƙa falon Yaya na same shi yana zane. Ya yi sauri zai rufe, amma na riga na gani: fatalwa ce babu ƙafafu, da tef ɗin awo a wuya.

Na ce, "Yallaɓai, wannan ai Tela ne."

"Na wucin gadi ne. Daga baya zan canza fuskokin."

"Fuskoki? Su nawa ne?"

"Ke dai kin cika bin diddigi. Labari yana son mutane masu rai, ni kuma su nake gani kullum."

"In suka gani ranar Asabar fa?"

Ya jingina da kujera ya harɗe hannuwa. "Sha kuruminki, ƙanwata. Farkon wasan kawai zan nuna. Duk sauran suna bayan ƙofar farko, kuma ƙofar nan na haɗa mata dabarar da ko masu wasan ƙasashen waje sai sun yi wata guda kafin su wuce. Su waye za su buɗe ta? Tela?"

Ban gaya wa kowa ba. Kada ku ɗauka tausayinsa na ji, so nake in ga ƙarshen abin.

Ranar Asabar da la'asar aka jera kujeru a tsakar gida. Mai Aski ya ba da aron babban talabijin ɗin shagonsa, aka ɗora a kan tebur aka haɗa da kwamfuta. 'Yan haya suka sauko da iyalansu. Mama ta zauna a gaba, gilashinta mai igiya a kan hanci, tarin mukullai a ƙugu. Sha-Kuruminka ya fito cikin kwat, a zafin nan, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda tarihi zai tuna da wannan tsakar gida.

Ya kunna. Gaskiya abin ya yi kyau, har na ji haushi. Ga birni da fitilu, ga kiɗa mai sa tsikar jiki ta tashi. Murya ta bayyana cewa wata halitta tana kashe wutar birnin gaba ɗaya, kuma jarumi ɗaya ne zai iya gano ta. Sai ga jarumin ya fito cikin doguwar kwat, ƙirji kamar ƙofar gareji, suma har kafaɗa. Fuskar dai ta mijin Yaya ce.

Yaya ta dubi talabijin, ta dubi sanƙon mijinta. "Wannan gashin a ina ka samo shi?"

"Fasaha ce, ba ki gane ba."

Jarumin ya taka har bakin wani tsohon gidan bene, ya tura ƙofar ƙarfe, ta ƙi buɗuwa. Ƙofarmu ce, har da lotsawar da motar kaya ta yi mata.

Sha-Kuruminka ya ajiye linzami. "To jama'a, a nan za mu tsaya. Abin da ke gaba ba na kowa ba ne. Wannan ƙofar kaɗai, sai mai zurfin tunani. Ko Mama ta zauna daga yau har baɗi…"

Bai ƙarasa ba. Ya ji abin da ya fito daga bakinsa a daidai lokacin da kowa ya ji.

Mama ta miƙa hannu. "Ba ni abin."

Da farko ɗaga linzamin ta yi sama tana nuna talabijin da shi kamar mai canza tasha. Surukin nata ya saki ajiyar zuciya. Ni kuwa, saboda ni 'yar kirki ce, na matsa na nuna mata yadda ake ja a kan tebur da inda ake dannawa. Kibiya ta yi yawo ta je sama ta dawo ƙasa, sannan ta natsu.

Tela ya ce, "Ai ƙofarmu ce. Mama, bulon nan na bayan tukunyar fure."

"Na sani. Ni na ajiye shi."

Ta danna tukunyar fure. Muryar jarumi ta ce, "Bulo. Zai yi amfani." Ta ja bulon ta sa a ƙarƙashin ƙofa, yara suka haɗa baki, "A ɗaga a tura!" Ƙofa ta yi ƙiiii ta buɗe. Abin da kowa a gidan yake yi safe da yamma shi ne dabarar wata gudan. Aka tafa.

"Sa'a ce," in ji Sha-Kuruminka, muryarsa ta ɗan siranta. "Mama, ki huta haka, idanu…"

"Ban gaji ba."

Jarumi ya mayar da bulon jaka, ya shiga wani shago mai duhu, keken ɗinki yana juyawa shi kaɗai. Ga fatalwa tana shawagi da tef a wuya. Mama ta kai kibiya ta danna, fatalwar ta ɓace ɓat, sai murya ta rage a iska: "Gobe! Gobe da yamma ka zo ka karɓa!"

Tsakar gida ta kece da dariya. Mai Aski har da buga ƙafa a ƙasa.

Tela ya miƙe. "Kai! Ka ce min muryata za ta zaga duniya!"

Mai Aski ya ce, "Ga shi ta fara da tsakar gida."

Mama ta sake dannawa, fatalwa ta sake ɓacewa. Sha-Kuruminka ya samu ƙwarin guiwa. "Kun gani? Nan fa sai an yi dogon nazari. Bari in rufe…"

Nas ta ce, "Wane nazari? Mama, ga sabon yadi can a kan benci. Ɗauko ki riƙe. In ya hango sabon yadi ko daga kabari zai taso."

Haka kuwa aka yi. Yadi yana shiga hannun jarumi, fatalwa ta bayyana da murmushi har kunne: "Maraba da babban baƙo!" Ta miƙa masa almakashi kyauta. Wata mata daga hawa na uku ta yi dariya har ɗanta ya zame daga cinyarta.

Tela ya naɗe tef ɗinsa zai tafi cikin fushi. Ya kai bakin shago, sai ya tsaya, ya waiwayo. "Tsaya tukuna. Ni kaɗai ne a ciki?"

Sha-Kuruminka ya hau goge gumi da hannun kwat.

Tela ya dawo ya ja kujerarsa gaba. "Mama, ci gaba."

A gindin matakala wata ƙatuwar kura ce ta tare hanya, da farar rigar aiki, da reza a hannu, da wushirya irin ta wanda ya ba da aron talabijin. Dariyar Mai Aski ta tsaya a maƙogwaro. Mama ta riga ta gano wurin da ake dannawa a duba abu, ta kuwa danna.

Jarumi ya ce, "Kurar matakala. Da rana aski take yi. In ka shiga hannunta, kunnenka ɗaya reza, ɗaya surutu."

"Sau ɗaya na yanke ka!" in ji Mai Aski. "Kuma kai ka motsa!"

"Atishawa na yi!"

"To wa ya ce ka yi?"

Zaɓin magana ya fito a ƙasan allo. Tela ya miƙa wuya, farin ciki ya cika shi. "Na tsakiyan, Mama. Tambaye ta ƙwallon jiya."

Mama ta danna. Kura ta ajiye reza ta fara bayani da muryar Mai Aski, ta rufe ido tana zuba, jarumi kuwa ya sulale ta gefenta ya haye sama. Mai Askin gaske ya saurara, ya gyaɗa kai. "To ai gaskiya na faɗa. Alƙalin wasan nan ba shi da ido. Ku bari ku ji, a minti na ƙarshe fa…" Sai da Nas ta ja rigarsa ya zauna.

A daidai nan wuta ta ɗauke. Talabijin ya yi baƙi.

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da duhun allo haka ba. Sha-Kuruminka ya ɗaga hannuwa sama. "Kash! Kash! Ikon Allah. To jama'a, sai wani lokaci."

Mai Aski ya dafa kafaɗarsa. "Sha kuruminka."

Ya shiga shago ya tayar da janareta. Kwamfutar kuwa tana da batiri, wasan yana nan daidai inda aka bar shi.

A rufin bene aka samu mai shan jini cikin fararen kaya, riƙe da allura mai tsawon laima, ta cika dukkan igiyoyin shanya da zannuwanta, babu wajen wucewa. Wannan karon ba a jira shawara ba, gidan gaba ɗaya ya haɗa baki: "Ce mata hadari ya haɗo!" Mai shan jini ta kwasa da gudu tana kwashe shanya, ta yar da tocila, jarumi ya tsince.

Nas ta ce, "Igiyoyin nan da kuɗina na saya! Kuma kai, in ka sake zuwa da zazzaɓi, za ka ga allura mai tsawon laima."

Ana cikin haka waya ta yi ƙara a jakar jarumi. Ya ɗauko, wata 'yar aljana ta leƙo daga ciki da ɗaurin ɗankwalin Yaya: "Kana ina?" Ya mayar. Bai yi taku biyar ba ta sake leƙowa: "Kana ina?"

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Murmushi ta yi wa mijinta ta ce, "Za mu yi magana a ciki." Na ga ya fi jin tsoron wannan fiye da allurar.

Ni dai ina ta dariya, hawaye har haɓa, cikina har ciwo yake. Jarumi ya juyo yana saukowa, sai ga keji rataye a kwanar matakala. Aku ce a ciki, da 'yan kunne irin nawa, da tabon da ke gefen hancina. Na ce, "Mama, wuce kawai, wannan ado ne." Mama ta danna.

"Aku mai kai rahoto. Duk abin da ka faɗa a gabanta, kafin ka sauka ya riga ka isa ƙarƙashin bene."

Dariyar ta koma kaina. Na ce, "Ni ce aku? Ni da na rufa maka asiri?"

Mama ta ce, "Ya ma rage miki baki." Sannan ta gyara gilashi. "Ƙarƙashin bene. Wa ake kai wa rahoto a ƙarƙashin bene?"

Kowa ya waiwaya. Aka nemi Sha-Kuruminka a inda yake tsaye aka rasa. Can sai ga shi a ƙarƙashin tebur, da kwat ɗinsa, yana rarrafe wajen filogin talabijin. Hannunsa ya kusa kai, Mama ta ɗora ƙafa a kan wayar wutar.

"Bar filogin nan, ɗan nan. Ba a cire wa mutum wuta yana tsakiyar aiki."

Ya ɗago ya dube ta daga ƙasa. Na ga maganganu da yawa sun taru a bakinsa, amma abin da ya fito shi ne, "To, Mama."

Jarumi ya tsaya a bakin 'yar ƙofar ƙarƙashin bene. Mijin Yaya ya yi ƙoƙarinsa na ƙarshe. "Wannan ba ta buɗuwa. Ban gama ta ba. Wallahi ko ni…"

"Ja ake yi kafin a tura," in ji Mama. Ta ja, ta tura.

Duhu. Ta ɗauko tocila daga jaka ta haska.

Wata dodanniya ta cika allon daga sama har ƙasa. Gilashi mai igiya a kan hanci. Tarin mukullai a ƙugu. A hannu ɗaya butar shayi, a ɗayan kuma filogin birnin gaba ɗaya, ta zare shi. Ta sunkuyo ta dubi jarumi, sannan muryar da kowa a gidan ya sani ta fito daga talabijin:

"Wannan abin ba ya cin wuta?"

Babu wanda ya yi dariya. Ƙarar janareta kawai ake ji. Yaya ta rufe fuska da hannuwa biyu. Tela, da ya ga ɗaki ya kusa zama nasa, ya kasa ɓoye haƙoransa. Ni kuwa a nan ne na ji tausayin mijin Yaya ya kama ni da gaske, domin ya tsaya kamar wanda aka kira shi karɓar hukunci, kwat ta jiƙe sharkaf.

Mama ta gyara zama. Ta buɗe jakar jarumi, ta ɗauko bulo ta kai kan dodanniya.

Jarumi ya ce, "Wannan ba zai yi mata komai ba."

Ta gwada almakashi. "Wannan ba zai yi mata komai ba." Ta gwada yadi, ta gwada tocila, ta gwada har wayar da Yaya ke ciki. Amsa ɗaya ce. Sai ta danna wajen magana. Zaɓi uku suka fito a ƙasan allo, Mai Aski ya karanta su da ƙarfi saboda na baya:

"Na farko: To, Mama. Na biyu: To, Mama. Na uku…" Muryarsa ta fara rawa. "To, Mama."

Wani ya yi tari don ya danne dariya, ya kasa, sai gidan ya fashe gaba ɗaya.

Mama ta juyo wajen surukin nata. "Yaya ake cin galaba a kanta?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba a ci."

"Ban ji ba."

"Ba a ci, Mama. Na yi ta tunani, na gwada ta kowace hanya. Ban…" Ya ɗago ya dube ta. "Ban iya ba."

Na dubi Yaya, Yaya ta dube ni. Tun ranar ɗaurin aurensu ba mu taɓa jin wannan ba.

Abu ɗaya ya rage da Mama ba ta danna ba, wato wajen dubawa. Ta kai kibiya kan dodanniya a hankali. Surukin nata ya rufe ido, ina jin shi kansa ya manta abin da ya rubuta a wurin.

Jarumi ya ce, "Dodanniyar gidan. Duk aljanun nan saboda ita suke zaune lafiya da juna. Ranar da ta tashi, gidan ya watse."

Mama ta cire gilashinta tana gogewa da bakin zane, ta daɗe tana gogewa. Maganar ta taɓa ta, na sani. Tun da Baba ya rasu take ɗauke da gidan nan ita kaɗai, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mata haka, har mu da ta haifa. Ta mayar da gilashin, ta kwance mukulli ɗaya daga ƙugunta ta ajiye a kan tebur.

"Aiki ne. Ɗauki."

Tela ya zabura. "Haba Mama! Mutumin da ya mai da ke dodanniya?"

"Kai ma an mai da kai fatalwa. Ƙarya aka yi maka? Ina rigata?"

"Gobe da…" Ya kama bakinsa, amma ya makara.

Kafin a gama kwashe kujeru, Sha-Kuruminka ya dawo yadda yake. Ya gyara wuyan kwat, yana kaɗa mukulli a yatsa. "Na gaya muku ku sha kuruminku. Duk a cikin tsari yake. Kun ɗauka kuskure ne na bar ta ta karɓi linzamin?"

Ranar Lahadi ya wuni yana fitar da karyayyun kujeru. Ya share, ya goge, ya shigar da tebur, ya zana allo mai kyau ya manna a ƙofa: BA A SHIGA, ANA AIKI. Ya kulle da hannunsa.

Litinin da yamma ya dawo daga maɗaba'a da kwamfuta a hammata yana fito. Ina zaune a matakala, domin aku ba ta son a ba ta labari. Ya zo zai sa mukulli, ya ga ƙofar a buɗe.

Mama ce a ciki, a kan kujerarta mai taushi, an ajiye ta daidai gefen soket. Butar shayi tana tafasa, wayarta tana caji.

"Mama… mukullin…"

"Kowane mukulli a gidan nan yana da ɗan'uwa a ƙuguna. Dodanniya ai a ƙarƙashin bene take zama, ko ba haka ka tsara ba?" Ta nuna masa ɗan bencin da ya rage. "Zauna, akwai gyara. Hancin nan da ka yi min ya yi girma. Tela yana son ƙafafu, Nas ta ce a rage allura, matarka kuma ta ce a aske wa jarumi suma. Sannan ƙofofin nan sun yi sauƙi, yara ma sun buɗe. Zan riƙa zama kullum ina dubawa."

Ya dubi soket ɗin, ramukansa biyu duk a cike. Ya dubi filogin da ke hannunsa.

"Bari ruwan ya tafasa tukuna," in ji ta.

Ya zauna a benci, ya ɗora kwamfuta a cinya.

"To, Mama."